Gephi, NodeXL, UCINET, Pajek ko igraph: wace manhaja ce ta dace da mai nazarin hulɗar ɗaliban buɗaɗɗun kwasa-kwasan intanet?

A shekarar 2008 George Siemens da Stephen Downes suka buɗe wani kwas a Jami'ar Manitoba ta ƙasar Kanada. Ɗalibai 25 ne suka biya kuɗi suka yi rajista a jami'ar, amma malaman biyu suka bar ƙofa a buɗe ga duk mai intanet, sai mutum sama da 2,000 suka shigo kyauta daga sassan duniya. Wannan kwas ne Dave Cormier ya laƙaba wa sunan da ake taƙaitawa da MOOC, wato buɗaɗɗen kwas na intanet mai ɗibar jama'a da yawa. Ra'ayin masu kwas ɗin shi ne ilimi ba a bakin malami kaɗai yake ba, yana cikin cuɗanyar masu koyo da junansu. A 2011 kwas ɗin da Sebastian Thrun da Peter Norvig suka koyar daga Jami'ar Stanford ya tara mutum kusan 160,000, a 2012 kuma aka ƙaddamar da dandalin irin waɗannan kwasa-kwasai na Coursera da edX da Udacity a Amurka, FutureLearn ta biyo baya daga Ingila. Tun daga lokacin masu bincike suke ta bin tambayoyi iri ɗaya: wa yake magana da wa a cikin wannan taro, wa yake amsa wa sabon shiga tambayarsa, kuma shin kaɗaici yana daga cikin dalilan da suke sa mafi yawan masu rajista ba sa kai wa ƙarshen kwas?

Hanyar amsa irin waɗannan tambayoyi ita ce nazarin saƙar hulɗa. Ana ɗaukar kowane mutum a matsayin ɗigo, kowace hulɗa tsakanin mutum biyu kuma a matsayin zare, sannan a auna saƙar da ta fito. Ɗalibin digiri na biyu ko na uku da ya zaɓi wannan fanni yakan tsaya cak a wuri guda: manhajojin da ake ambata a rubuce-rubucen masana suna da yawa, kowane malami kuma yana yabon wadda ya saba da ita. Biyar ne suka fi yawan fitowa, kuma su za mu gwada a nan.

Ma'aunan da za a gwada su da su

Na farko, kuma wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne irin tambayar da ke gabanka. Akwai tambayar siffantawa, kamar su wa suka fi karɓar amsa, gungu nawa jama'ar ta kasu, wa yake zama gada tsakanin gungu biyu. Akwai kuma tambayar gwada zato, kamar shin 'yan ƙasa ɗaya sun fi amsa wa juna fiye da yadda sa'a kaɗai za ta haifar. Manhajar da ta ƙware a ta farko ba lalle ba ne ta iya ta biyun.

Na biyu shi ne hanyar da bayanai za su shigo hannunka, kuma a nan ne abubuwa suka canza ƙwarai a 'yan shekarun nan. Kafin 2023 Twitter tana ba da damar ɗibar saƙonni kyauta, daga 2021 ma har miliyan 10 a wata ga masu binciken jami'a, shi ya sa nazarce-nazarce da yawa game da MOOC suka dogara da bin alamar hashtag (#) da ɗaliban kwas suke liƙa wa saƙonninsu a can. A farkon 2023 kamfanin ya rufe wannan ƙofa, ya fito da ƙaramin matakin biya na dala 100 a wata wanda ke ba da damar karanta saƙonni 10,000 kacal. Reddit ta fara cajin kuɗi a tsakiyar shekarar, Meta kuma ta rufe CrowdTangle, manhajarta ta bibiyar saƙonnin Facebook da Instagram, a watan Agustan 2024. Tattaunawar da ake yi a cikin zaurukan Coursera ko edX kuwa tana hannun dandalin da jami'ar da ta shirya kwas ɗin, ba a samunta sai da izini. Saboda haka kada a zaɓi manhaja don an karanta a wata maƙala ta 2016 cewa tana jawo bayanai da kanta.

Sauran ma'aunan su ne girman saƙar idan aka gwada da ƙarfin kwamfutar da ke hannu, kuɗi, sauƙin koyo, ɗorewa, da haɗari. Abin da nake nufi da ɗorewa abu biyu ne: shin manhajar za ta ci gaba da aiki bayan shekara uku, kuma shin za ka iya maimaita nazarinka ka sami sakamako iri ɗaya idan mai jarrabawa daga waje ya ce a sake. Haɗari shi ma iri biyu ne, haɗarin yi wa sakamako mummunar fassara da haɗarin tona asirin mutanen da ba su san ana nazarinsu ba.

Akwai wata shawara da ke gaban zaɓen manhaja, wadda ɗalibai da yawa suke wucewa da sauri, alhali ita ce take yanke girman saƙar. Mene ne zare? Idan aka ce zare shi ne Wane ya amsa wa Wance kai tsaye, za a sami saƙa mai sauƙi wadda take da alkibla. Idan kuwa aka ce duk waɗanda suka yi rubutu a ƙarƙashin maudu'i ɗaya suna da alaƙa da juna, to maudu'in gabatar da kai da ake buɗewa a makon farko, in mutum 1,000 suka rubuta a cikinsa, shi kaɗai zai haifar da zare 499,500 tsakanin mutanen da galibinsu ba su karanta abin da sauran suka rubuta ba. Bayanai iri ɗaya ne, amma fassarar farko kowace manhaja za ta ɗauka, ta biyun kuwa za ta iya durƙusar da wasu daga cikin biyar ɗin a ƙaramar kwamfuta, kuma za ta nuna cuɗanyar da babu ita.

Gephi

Ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Compiègne a Faransa ne suka fara gina Gephi a 2008, daga cikinsu akwai Mathieu Bastian da Sebastien Heymann, tare da Mathieu Jacomy. Kyauta ce, lambobin gininta a buɗe suke ga kowa, kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux. Shigar da bayanai ba shi da wuya: jadawali mai shafi biyu, ɗaya na wanda ya yi magana, ɗaya na wanda aka yi wa, a ajiye shi a tsarin CSV, shi ke nan. Mutum mai matsakaicin sanin kwamfuta zai iya fitar da taswirarsa ta farko a yini guda.

Ƙarfinta a ido yake. Tsarin shimfiɗa ɗigo da ta shahara da shi, ForceAtlas2, yana sa ɗigo su riƙa ture juna, zare kuma yana jawo waɗanda ya haɗa, har saƙar ta lafa ta ɗauki siffa. A taswirar tattaunawar babban kwas, abin da yakan fara bayyana shi ne ɗan ƙaramin dunƙule a tsakiya na malamai da masu taimaka musu da 'yan ɗalibai kaɗan masu himma, sai zoben jama'a mai faɗi a gefe, kowanne riƙe da zare ɗaya ko biyu, sai kuma waɗanda suka yi tambaya ba wanda ya kula su, suna yawo su kaɗai a bakin hoton. Babu jadawalin lambobi da zai nuna wa shugaban sashe ko mai tsara kwas wannan hali da saurin da hoton zai nuna masa. Tana kuma lissafa ma'aunan da aka saba da su: yawan zaren da ke shiga ɗigo da wanda ke fita, matsayin gada wanda Linton Freeman ya tsara lissafinsa a 1977, kaurin saƙa, wato yawan zaren da ke akwai idan aka gwada da wanda zai yiwu, da raba jama'a gungu-gungu ta hanyar Louvain, wadda Vincent Blondel da abokan aikinsa suka fitar a Beljiyam a 2008.

Rauninta ma daga idon yake fitowa, kuma ina ganin ya kamata a tsaya a kansa. Tazarar da ke tsakanin ɗigo biyu a hoton ba ma'auni ba ce, sakamakon turereniya ce da jan zare, in ka sake kunna tsarin daga wata shimfiɗar za ka sami hoto dabam. Hanyar Louvain ita ma tana da ɗan zaɓen sa'a a cikinta, yau ta ba ka gungu bakwai, gobe ta ba ka takwas a bayanai iri ɗaya, in ka taɓa ma'aunin ƙanƙantar gungu kuma adadin ya sake canzawa. Na sha ganin rubutun da aka gina babi guda a kan cewa gungun ja ya fi kusa da gungun shuɗi, alhali kusancin daga shimfiɗa ya zo, ba daga ɗalibai ba. Ƙari a kan haka, Gephi ba ta da maɓallin komawa baya, kuma ba ta rubuta matakan da ka bi. Wanda zai yi aiki da ita sai ya ajiye littafi a gefe yana rubuta kowane ma'auni da ya saka, yana kuma ajiye fayil da sabon suna a kowane mataki, musamman inda wutar lantarki ba ta da tabbas.

Wajen girma, ɗigo dubu goma ko ashirin ba matsala ba ne a kwamfuta mai RAM gigabait 8. Idan aka haura zuwa dubban ɗaruruwa sai ta fara nauyi, kuma sai an buɗe fayil ɗin saitinta an ƙara mata rabon ƙwaƙwalwa. Wajen ɗorewa, ta yi kusan shekara biyar daga 2017 ba tare da sabuwar fitowa ba, abin da ya sa wasu suka ɗauka an yi watsi da ita, sai aikin ya farfaɗo a 2022. Masu sa-kai ne ke riƙe da ita, amma da yake lambobinta a buɗe suke kuma masu amfani da ita suna da yawa, ba abu ne mai sauƙi ta ɓace ba. Gwada zato kuwa ba aikinta ba ne ko kaɗan.

NodeXL

NodeXL ba manhaja ce mai zaman kanta ba, ƙari ne da ake ɗorawa a kan Excel. Ta fito ne a 2008 daga aikin Marc Smith da abokansa, yanzu kuma gidauniyar Social Media Research Foundation ce ke kula da ita. Duk wanda ya saba da Excel zai ji kamar yana gida: shafi ɗaya na zare, ɗaya na ɗigo, ɗaya na gungu, hoton kuma yana gefe, in ka taɓa layi a jadawali ɗigonsa ya haskaka. Wannan haɗin yana da amfani sosai ga mai son karanta abin da mutane suka rubuta tare da duba matsayinsu a saƙa, domin rubutun saƙon yana nan kusa da lambobinsa. Tana kuma iya ware kowane gungu a akwatinsa, wanda ya fi sauƙin karantawa a takardar da aka buga baƙi da fari.

Iri biyu ce. NodeXL Basic kyauta ce amma an rage mata ma'aunai da hanyoyin jawo bayanai, NodeXL Pro kuma lasisi ne na shekara-shekara da ake biya da dala, da rangwame ga ɗalibai da malaman jami'a. Abin da ake saye a Pro shi ne jawo bayanai kai tsaye daga dandali irin su X (wato Twitter ta da) da YouTube, da nazarin kalmomin da suka fi yawa a kowane gungu, da rahoton da take haɗawa da kanta. Haɗarin a fili yake: wannan sashe ya dogara ne da ƙofar da kamfanonin suka bari a buɗe, kuma mun ga yadda suke rufe ta ba tare da dogon sanarwa ba. Mutum zai iya biyan lasisin shekara don dandali guda, bayan wata uku dokar dandalin ta canza.

Sai Windows da Excel na kwamfuta take aiki da su, ba ta hawa Excel na Mac. Shafin Excel yana ƙarewa a layi 1,048,576, amma tun kafin a kai kusa da nan, da zare ya kai dubun-dubata masu yawa, lissafin matsayin gada yakan ɗauki lokaci mai tsawo. Ga kwas guda ko alamar tattaunawa guda ta wadatar, ga dukan abin da aka faɗa game da MOOC a shekara goma ba ta isa ba.

UCINET

Wannan ita ce dattijuwar cikinsu a wurin masana zamantakewa. Asalinta daga Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ne, daga nan ma sunan ya fito, kuma Steve Borgatti da Martin Everett da Linton Freeman ne sunayen da ke kanta. Ana sayenta sau ɗaya bayan wa'adin gwaji na kyauta, farashin ɗalibi kuma ya yi ƙasa da na malami da na kamfani. A Windows take aiki, tana zuwa da NetDraw don zana taswira, ko da yake zanen NetDraw bai kama ƙafar na Gephi ba.

Dalilin da zai sa a zaɓe ta shi ne gwada zato. Ƙididdigar da aka saba koyarwa a jami'a tana ɗauka cewa kowane abin da aka auna zaman kansa yake yi, amma a saƙa ba haka ba ne, domin zaren da ke tsakanin Wane da Wance yana da nasaba da duk sauran zaren da ke jikin Wane. UCINET tana da gwajin da ake kira QAP, wanda yake yamutsa jerin mutanen sau dubbai, yana duba sau nawa sa'a kaɗai za ta ba da dangantaka mai ƙarfin wadda aka gani. Da shi za ka iya tambayar ko waɗanda suka amsa wa juna a makon farko su ne suke amsa wa juna a mako na shida, ko kuma ko masu harshe ɗaya sun fi karkata ga juna. Tana da ma'aunin da ke gwada zaren cikin gida da na waje ga kowane rukuni, da hanyar tantance 'yan tsakiya da 'yan gefe da lissafi maimakon da ido. Duk wannan ta hanyar zaɓe daga jerin umarni ake yi, ba sai an rubuta furogiram ba, kuma kowane lissafi yana fitar da takardar sakamako da za a iya ajiyewa.

Iyakarta girma ce. Tana riƙe bayanai a matsayin murabba'in jadawali, kowane mutum yana da layi yana da shafi, don haka mutum 10,000 suna bukatar gurbi miliyan 100, kusan dukansu sifili. Masu manhajar da kansu sun bayyana cewa lissafe-lissafe da yawa suna yin nauyi tun daga ɗigo 5,000 zuwa 10,000. Ga aji mai mutum 200, inda iyakar zaren da zai yiwu 19,900 ne in ba a kula da alkibla ba, babu abin da ya fi ta dacewa, amma ga kwas mai mutum 50,000 sai an fara tace bayanan a wani wuri.

Pajek

Vladimir Batagelj da Andrej Mrvar na Jami'ar Ljubljana a ƙasar Sulobeniya ne suka fara ta a 1996, sunan kuma yana nufin gizo-gizo a harshensu. Kyauta ce ga aikin da ba na kasuwanci ba, ƙaramin fayil ce da ba ta cin wuri, kuma an gina ta ne don saƙa mai ɗigo miliyoyi. A tsohuwar kwamfutar da Gephi za ta daskare, Pajek za ta yi lissafinta ta gama. Ta ƙware wajen yanka babbar saƙa zuwa ƙananan sassa, da juya saƙar mutane da maudu'ai zuwa saƙar mutane zalla. Farashin da ake biya shi ne wahalar koyo: fuskarta ta tsohon yayi ce, tsarinta na raba bayanai gida-gida yana ɗaukar makonni kafin ya zauna a kai, tana da nata tsarin fayil, kuma darussan bidiyo a kanta ba su kai na Gephi yawa ba. Ta shekara kusan talatin ana sabunta ta, sai dai aikin yana kan mutane ƙalilan.

igraph da 'yan uwanta a R da Python

Wannan zaɓin ya bambanta da sauran, domin a nan babu maɓallan latsawa, umarni ake rubutawa. Gábor Csárdi da Tamás Nepusz ne suka gabatar da igraph a 2006, an gina zuciyarta da harshen C don sauri, ana kuma kiranta daga harsunan rubuta furogiram na R ko Python. NetworkX, wadda ta fito daga ɗakin bincike na Los Alamos a Amurka, ta fi sauƙin karantawa ga sabon mai koyon Python, amma da yake da Python zalla aka rubuta ta, tana jinkiri sosai a babbar saƙa, musamman wajen lissafin matsayin gada. Dukansu kyauta ne kuma suna hawa kowace irin kwamfuta.

Wanda bai taɓa rubuta furogiram ba ya ware wata biyu zuwa uku kafin hannunsa ya faɗa, kuma wannan kuɗi ne na gaske ga ɗalibin da wa'adinsa ya matso. Abin da zai samu a madadin haka, a ganina, ya fi ƙarfin wahalar ga duk wanda zai daɗe a fannin. Kashi mafi girma na wannan aiki tsaftace bayanai ne, ba nazari ba: mutum ɗaya mai suna biyu, saƙon da aka goge amma amsarsa tana nan, asusun talla da ke liƙa alamar kwas a kan tallarsa, sanarwar malami da ta tafi ga kowa. Wanda yake wannan gyara da hannu a Excel, in aka ce ya canza ma'anar zare ya sake, ya koma farko ke nan. Wanda ya rubuta shi a matsayin umarni layi biyu zai gyara ya sake kunnawa. Ana iya ɗaure zaɓen sa'ar nan na rabon gungu da lamba guda ta yadda gungun da ya fito yau shi zai fito baɗi, ana iya gudanar da rabon gungu sau ɗari a ga waɗanne ne suke tsayawa, kuma igraph tana da hanyar Leiden ta 2019, wadda aka ƙirƙira don gyara wani aibin Louvain na haɗa mutanen da ba zare tsakaninsu a gungu ɗaya.

Kwas abu ne mai tafiya mako-mako, jama'a suna raguwa, 'yan tsakiya suna canzawa, saboda haka hoto ɗaya na ƙarshen kwas yana ɓoye mafi muhimmancin labarin. Yanka bayanai mako-mako a kwatanta su aiki ne na 'yan layuka a R. A can ne kuma ake samun statnet, mai gwada dalilan da ke sa zare ya ƙullu, da RSiena ta Tom Snijders da abokansa, mai bin yadda saƙa ke sauyawa a kan lokaci. Waɗannan sun zarce abin da UCINET take yi, amma suna bukatar ƙididdiga mai zurfi, kuma haɗarinsu shi ne kuskuren da ba ya ƙara: umarni zai gudana lafiya ya ba da lamba, alhali an juya alkiblar zare, wanda ake amsa wa ya koma mai amsawa. Maganinsa shi ne a fara gwada umarnin a saƙar mutum goma da za a iya ƙirgawa da hannu.

Mai ƙaramar kwamfuta zai iya gudanar da Python kyauta a Google Colab, sai dai ya sani bayanansa suna hawa kwamfutar wani kamfani ne, don haka a cire sunaye tukuna.

| Manhaja | Kuɗi | Inda take aiki | Koyo | Girman da take ɗauka | Gwada zato | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Gephi | Kyauta | Windows, Mac, Linux | Kwanaki | Dubun-dubatar ɗigo cikin sauƙi | Babu | Ɗaukar hoto a matsayin hujja |
| NodeXL | Basic kyauta, Pro lasisin shekara | Windows da Excel | Kwanaki ga mai sanin Excel | Matsakaici | Babu | Dogaro da ƙofar dandali |
| UCINET | Saye sau ɗaya, da rangwamen ɗalibi | Windows | Makonni kaɗan | Dubbai kaɗan | Akwai | Durƙushewa a babbar saƙa |
| Pajek | Kyauta in ba kasuwanci ba | Windows | Makonni | Miliyoyi | Kaɗan | Wahalar koyo ba malami |
| igraph a R ko Python | Kyauta | Kowace kwamfuta | Watanni | Miliyoyi | Akwai, da ƙarin kayan R | Kuskuren da ba ya bayyana |

Haɗarin da ya shafe su duka

Babu ɗaya daga cikin biyar ɗin da take ganin mai karatu shiru. A buɗaɗɗen kwas, masu rubutu a zauren tattaunawa 'yan tsiraru ne, mafi yawa suna kallon bidiyo, suna karanta amsoshin wasu, ba sa cewa komai, kuma daga cikinsu akwai masu kammalawa da sakamako mai kyau. Taswirar hulɗa hoton masu magana ce, ba hoton masu koyo ba, kuma dole a faɗi haka ƙarara a babin hanyoyin bincike. Haka nan idan aka ga 'yan tsakiya sun fi kammala kwas, wannan bai nuna cewa zama a tsakiya ne ya sa suka kammala ba, domin mai himmar da zai kammala shi ne dama mai himmar yin rubutu.

Sai batun amana. Taswira mai ɗauke da sunaye tana nuna wanda aka ware da wanda ba a amsa masa, kuma a ƙaramin aji ko an cire suna ana iya gane mutum daga matsayinsa. A maye gurbin sunaye da lambobi tun kafin a shigar da bayanai kowace manhaja, a ajiye makullin a wani wuri dabam. Mai bincike a Najeriya yana ƙarƙashin dokar kare bayanan jama'a ta 2023, in kuma akwai mazauna Tarayyar Turai a cikin ɗaliban kwas ɗin, jami'ar da ta ba da bayanan za ta nemi a kiyaye dokarsu da ta fara aiki a 2018.

Wa ya dace da wace

Ɗalibin digiri na biyu mai wata shida a gabansa, wanda tambayarsa ta siffantawa ce kuma bayanansa suna hannu a jadawali, ya ɗauki Gephi, ya rubuta kowane saiti da ya yi amfani da shi, ya kuma sa jadawalin lambobi kusa da kowane hoto. Malamin da ke son ya san ko ɗalibansa suna taimakon juna a kwas ɗin da yake koyarwa a dandalin Moodle, wanda ya saba da Excel kuma ba ya neman bugawa a mujalla, NodeXL Basic za ta ishe shi farawa. Pro kuwa sai wanda ya riga ya tabbatar cewa dandalin da yake nufi yana cikin waɗanda take jawowa a wannan watan, kuma akwai mai biyan dalar.

Wanda aikinsa yake da zato a rubuce, jama'arsa kuma ba su wuce 'yan dubbai ba, kamar rukuni guda na kwas ko ƙungiyar malamai masu koyar da buɗaɗɗun kwasa-kwasai, UCINET ce tasa, musamman idan mai duba aikinsa masanin zamantakewa ne da ya san takardun sakamakonta. Pajek ta dace da mai babbar saƙa da tsohuwar kwamfuta wanda ba ya son shiga rubuta furogiram, kuma zai fi kyau in akwai wani a sashensu da ya taɓa aiki da ita. Ɗalibin digiri na uku, da duk mai niyyar bin kwas mako-mako ko kwatanta kwasa-kwasai da yawa, ya fara koyon R ko Python tun a zangon farko, ya yi lissafinsa a igraph, ya fitar da fayil zuwa Gephi idan lokacin zana hoton da zai shiga kundi ya yi.

Akwai kuma wanda jama'ar da yake nazari ba a dandalin kwas suke tattaunawa ba, a rukunin WhatsApp ko Telegram da suka buɗe wa kansu suke, kamar yadda ɗalibanmu da yawa masu bin Coursera suke yi. Fayil ɗin hirar da WhatsApp take fitarwa rubutu ne zalla mai lokaci da suna da saƙo, ba ya nuna saƙon da aka amsa wa, don haka babu manhajar da za ta karanta shi a matsayin saƙa kai tsaye. Mai irin wannan aiki yana bukatar yardar 'yan rukunin kafin komai, sannan ƙa'ida a rubuce ta abin da zai ɗauka a matsayin amsa, sannan ko dai ɗan umarnin Python da zai tsara fayil ɗin, ko haƙurin zama ya jera zaren da hannu a jadawali idan rukunin bai wuce mutum ɗari biyu ba, daga nan ya shigar da shi Gephi ko UCINET gwargwadon tambayarsa.